Boeta Igsaan, Mai Tsayuwa Kafin Jan Layi

Ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Agusta, da hantsi, ana ruwan nan mai sanyi da ke shiga har ƙashi, Allah Ya karɓi ran Igsaan Behardien, wanda muke kira Boeta, wato Yaya, a asibiti bayan jinyar ciwon zuciya. Na Allah ne mu duka, kuma can muka dosa. Ni Nazeem, ma'aikacin jinya a ɗakin gwaji na tashar lantarki ta nukiliya, ina bakin aiki aka kira ni. Akwai mutum a gabana riƙe da robar fitsari yana jira in karɓa, don haka ko kukan ban samu na yi ba sai da na sallame shi.

Boeta, shekara da shekaru muna shiga motar ma'aikata ɗaya daga unguwarmu Atlantis. Kujerar bayan direba taka ce, ba mai gardama, da kwanon koesister, fanken nan na matarka Tietie Rugaya, a cinya, kana rabawa kana mita wai mun cika ci. Kai ne shugaban masu kula da famfunan ruwan sanyaya injin, kuma ban taɓa jin ka ɗaga wa na ƙasa da kai murya ba.

Dokar wurin aikinmu ba sani ba sabo. A bakin ƙofa akwai jan layi a ƙasa. Wanda ya tsaya kafin layin ya ce yau ba ya cikin hayyacinsa, ko ya ce yana fama da shaye-shaye, za a kai shi magani, aikinsa na nan. Wanda ya tsallaka aka samu giya ko ƙwaya a jikinsa, ya ajiye katin shiga ke nan har abada. Wanda kuma ya sani ya yi shiru, tare za su fita. Ban taɓa cewa dokar ba ta da gaskiya ba. Duk wanda ya san abin da ke ci a cikin ginin nan ba zai faɗi haka ba. Amma doka ba ta da hannun da za ta dafa kafaɗar mutum, sai kai ka ara mata naka.

Duk safiyar Litinin kana tsaye kafin layin, kana gaisawa da kowa, kana matsowa kusa fiye da yadda gaisuwa ke bukata. Har ana tsokanata wai hancin Boeta ya fi na'urata aiki. Na tuna ranar da Hennie mai walda ya sauko daga mota bayan bikin 'yarsa, yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai.

Ka ce, “Hennie, wane turare ne wannan?”

Ya ce, “Man aski ne, Boeta.”

Ka ce, “To man askin nan ya ci biki ya ƙoshi. Juya ka koma gida, ka gaishe min da amarya.”

Hennie ya yi ritaya da mutuncinsa. Ranar jana'izarka yana tsaye a wajen masallaci cikin ruwa, hula a hannu, ya ƙi shiga mota. Irinsa suna da yawa. Wasu kai ka kai su wurin masu ba da shawara a motarka, ka zauna a waje kana jiran su fito, kuma ko matansu ba su ji daga bakinka ba.

Sai jarrabawar ta shigo gidanka. Ɗanka Riyaad ya samu aiki a sashenka, ka yi mako kana washe baki. Bayan wani lokaci ya faɗo daga tsani ya ji ciwo a baya. Likita ya ba shi maganin kashe zafi, maganin ya ƙare, son sa bai ƙare ba, ya koma kan ruwan maganin tari mai kodin. Wannan ba ya wari, amma uba ya san idon ɗansa. Ka juya shi a bakin layi ba sau ɗaya ba, ka roƙe shi ya je ya faɗa da bakinsa. Ya ce in ya faɗa, har ya mutu mashayi za a riƙa kiransa, ka ba shi lokaci zai daina da kansa.

Wata safiya ya biyo wani abokinsa ta ƙofar 'yan kwangila don kada ya gamu da kai. Ka same shi a ɗakin canza kaya, ya riga ya shirya, za shi kan famfuna. Ka shigo ɗakina, na ba ka kujera ka ƙi zama.

Ka ce, “Nazeem, aika a kira Riyaad.”

Na ce, “Boeta, ka san abin da kake faɗa kuwa?”

Ka ce, “Na sani. Bayan shingen nan gari ne, da yara a ciki. Yi sauri kafin zuciyata ta karye.”

Ni na karɓi fitsarin, ni na ga sakamakon. Da ake raka shi waje ya tsaya a gabanka ya ce, “Aiki ya yi kyau, shugaba.” Bai ce Baba ba. Ya koma wurin gwaggonsa a unguwar Mitchells Plain, ya canza lamba.

Daga ranar ba ka sake samun wurin shan iska ba. A gida Tietie Rugaya ba ta taɓa zarginka da baki ba, sai dai ta ajiye maka abinci ta shige ɗaki. A unguwa ana raɗa cewa ka juya 'ya'yan mutane gida, ka miƙa naka. A wurin aiki kuma yabo ne ya dame ka: duk sanda aka ɗauki sababbi sai a ba su labarinka, a ce ga mutumin da ko ɗansa bai rufa wa ba, a tafa. Har yau ina jin haushin tafin nan. Kai kuwa sai ka sulale ka je bakin shinge ka yi ta kallon teku. Barin aikin ma ka kasa, wai in ka tafi wa zai tsaya wa yaran nan ranar Litinin? Sau ɗaya ka buɗe min cikinka, muna komawa gida a mota. Ka ce, “In na yi shiru na ci amanar gari, da na yi magana na ci amanar gida. Nuna min ƙofa ta uku, Nazeem.” Ban nuna maka ba, domin ban gan ta ba, har yanzu kuma ban gan ta ba.

Da ka kwanta asibiti aka aika wa Riyaad ta hannun gwaggonsa, ya ce yana tafe. Duk sanda aka buɗe ƙofar ɗakin sai ka juyo da kai. Bai zo ba. Allah Ya gani, na yi fushi da yaron nan, na faɗi maganganu a raina.

Muna shirin yi wa gawarka wanka sai ga shi a tsakar gida, ya rame, gumi na keto masa a cikin wannan sanyi. Ya ja ni gefe.

Ya ce, “Kawu Nazeem, wallahi tun da aka aiko ban sha ko ɗigo ba. Ina ɗaki na kulle kaina, ina ta amai. Cewa na yi ba zan tsaya a gabansa ba sai abin ya fita daga jinina, kar ya kalli idona ya gani. Jira nake yi, Kawu.” Sai ya ɗago fuska. “Duba ni. Na isa in taɓa shi?”

Na duba, domin idona ya saba. Ban gaya masa abin da na gani ba, ba kuma zan rubuta shi a nan ba. Na ce masa, “Je ka yi alwala, kai ake jira.” Shi ya zuba maka ruwan farko, Boeta, shi kuma ya sauka cikin kabari ya karɓe ka.

Ya Allah, ga bawanka Igsaan ya zo maka da nauyin da bai samu inda zai sauke ba a duniya. Ka sauke masa, Ka yalwata makwancinsa, Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa bayinKa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Tietie Rugaya, da 'ya'yansa mata, da jikoki, da dukan abokan aiki. Allah Ya ba da haƙuri.

Kai kuma Riyaad, Allah Ya yaye maka, Ya ba ka dangana. Ina asibitin kullum da yamma, na kuma ji abin da mahaifinka yake tambayar masu jinya. Bai taɓa tambaya ko ka daina ba. Cewa yake yi, “Ya iso?”

Allah Ya jiƙansa da rahama, amin.