Naushi Uku a Kuncin Ƙanena

Ko zan manta da komai a duniya, makon da ƙanena ya yi dambensa na ƙarshe ba zai fita daga raina ba. Na ce ƙanena, amma ɗan baffana ne, gida ɗaya muka tashi a Kontagora, gidan mahauta. Shekara uku na ba shi, ni na koya masa dunƙule hannu, sai ga shi ɗan hakin da na raina ya tsone mini ido. Ya bar damben gargajiya ya koma na zamani mai safar hannu, yau Minna gobe Legas, har masu keke napep suna liƙa hotonsa. Ni kuwa aikina in tsaya ya gwada hannunsa a jikina idan ya zo gida atisaye.

Ba zan ɓoye ba, na yi masa hassada, ba kaɗan ba. In ya ci, in ce rago aka haɗa shi da shi. In ya ɗan ji ciwo, in ce ai tasa ta ƙare. Na maimaita wannan a teburin mai shayi har mutane suka haddace.

Ana saura kwana biyar a yi wani babban wasansa da aka kawo Kontagora, muna atisaye da safe, na kai masa naushi a kuncin hagu, ya shiga. Shekara goma rabon da hannuna ya taɓa fuskar nan. Na sake, ya shiga. Na uku ma haka. Wallahi daɗi na ji, har yau ina jin kunyar wannan daɗin. Ko gumi ban share ba na nufi kasuwa ina baza labari.

Sai da na zauna cin abinci hankalina ya dawo jikina. Na san kaina, ban ƙara sauri ba, tumbi ma na ajiye. Ba kaucewa ya kasa ba, hannun ne bai gani ba sam. Na koma gida na tarar da shi a bayan ɗaki yana amai.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

"Tun wasan Legas. Kaina ke sarawa, idon nan kuma dishi-dishi. Yaya, don Allah kada ka gaya wa kowa."

Ban rufa masa ba. Na fara da kocinsa, ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Labarin naushi ukun naka ya riga ka isowa. Bai ishe ka ba?" Na wuce rumfar Baffa, na same shi yana yankan nama.

"Baffa, a kai yaron nan asibiti. Kada a bari ya yi wasan nan."

Ko ɗagowa bai yi ba. "Bara ma ka ce tasa ta ƙare. Ka ji tsoron Allah, ɗan'uwanka ne."

Aka kira ƙanen nawa, ya ce lafiyarsa lau, bai yarda mun haɗa ido ba. Na rantse, na sake rantsewa, a banza. Daga nan zuciya ta ɗebe ni, na ce to ku je ku gani, na kama bakina. Kwana biyar ke gabana, da na ci gaba da naci, amma na zauna ina cika ina batsewa don an ƙaryata ni.

Ranar wasan, bayan la'asar, filin ya cika maƙil ana kiran sunansa. Tun a zagaye na biyu abokin karawarsa ya gano abin da na gano, ya tare a hagunsa. A na biyar ƙanena ya faɗi, ya miƙe, ya taka zuwa kusurwarsa, ya zauna, sai ya sulale. Kwanansa biyu a asibiti bai farfaɗo ba, Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce jini ne ya taru a kansa, kuma ciwon ba sabo ba ne.

Ranar uku, da masu ta'aziyya suka ragu, Baffa ya kamo hannuna ya zaunar da ni kusa da shi. Ya ce, "Da wani ne ya gaya mini, da na ji."

Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi da tsada. Hassada ba ta rage wa ƙanena komai ba a duk shekarun da na yi ina yi masa ita. Bakina ta cinye, har ranar da gaskiya ta zo mini, wadda za ta ceci ransa, ba wanda ya yarda da ni.