Bindigar Baba Iro da Na Ba da Haya

Assalamu alaikum ƙannena matasa. Ba zan faɗi sunana ba, saboda ina da 'ya'ya a makaranta, kuma abin da na jawo musu ya ishe su. Mutanen Rogo da suka san ni za su gane ni, sauran kuma labarin ya wadatar da su.

Ni mai walda ne. Mahaifina maƙeri ne, a gaban zugazuginsa na tashi, da ya rasu na sayi injin walda na kafa rumfa kusa da tasha. Ƙofofi nake yi da tagogi, in gyara garmar shanu da amalanke da injin ban ruwa. Ina da mata ɗaya, Hadiza, da yara biyu a lokacin. Ba ni da arziki, amma ba mu taɓa kwana da yunwa ba, kuma babu wanda ya taɓa kai ƙarata ko gaban mai unguwa.

Bindiga ta fara shigowa rumfata ne ta hannun Baba Iro, wani tsohon maharbi daga Kurugu, abokin mahaifina tun suna samari. Ya zo da ita a naɗe cikin buhu. Harba-ruga ce ƙirar gida, ƙotarta ta tsage, an naɗe ta da jar fata, ga wata laya a ɗaure. Ya ce, "Ubanka ne yake gyara min ita. Yanzu da ba shi, wa zan kai wa in ba kai ba?" Na sha ganin mahaifina yana yi, don haka ban sha wuya ba. Yana zaune a kan benci yana ta ba ni karatu: a goge ta duk ranar da aka yi harbi, a shafa mata mai, kada a jingine ta inda danshi yake, kuma kada a kuskura a nuna wa mutum bakinta ko da babu komai a ciki.

Na tambaye shi, "Baba, wannan aikin ba laifi ba ne a wurin hukuma?" Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Laifin me, ɗan nan? Wannan ta kakana ce, ta girmi ofishin 'yan sandan garin nan." Ya zaro katin ƙungiyar maharba mai hotonsa ya nuna min. Daga ranar na ɗauka wannan katin shi ne lasisi.

Kafin shekara ta zagayo maharba sun san rumfata. Lokacin kuma tsoro ya shigo ƙauyuka, ana satar shanu, ana jin labarin ɗaukar mutane a garuruwan da ke maƙwabtaka da mu. 'Yan sintiri daga Jajaye da Fulatan suka fara kawo min nasu. Duk wanda na tambaya game da doka, amsarsa daban. Wani ya ce ƙirar gida ba ta buƙatar takarda. Wani ya ce tana buƙata, amma an daina bayarwa. Wani ya ce muddin mai gari ya san da kai, shi ke nan. Ni kuma ina ganin 'yan sintiri suna wucewa da rana tsaka da bindiga a kafaɗa, mutane na yi musu sannu da aiki. Sai na daina tambaya. Gaskiya ban so in sami amsar da za ta hana ni aikin ba.

Da damina maharba kan koma gona. Wasu sai su kawo gyara su bar ta a wurina har kaka. Na ware musu ɗan ɗaki a bayan rumfa. A irin wannan lokaci wani dogon mutum ya fara zuwa yana zama muna hira. Dogo kowa yake ce masa, ya ce gonarsa tana wajen Fulatan. Wata rana ya ce birai sun addabi masararsa, in taimaka in ara masa ɗaya ya tsorata su, zai dawo da ita kafin mai ita ya nema. Na ce ba tawa ba ce. Ya ce ai ya sani, shi ya sa ya ce aro. Ya cusa min kuɗi a aljihu waɗanda ko na wuni ina walda ba na samun irinsu, sai na ɗauko masa ɗaya.

Ya dawo da ita a goge tsaf, har da tsarabar zabo. Na ce a raina, to wa aka cuta? Mai bindiga bai rasa komai ba, manomi ya tsira da masararsa, ni na sayi shinkafa. Ya sake zuwa, na sake bayarwa. Daga nan ya fara kawo abokansa, su ma duk birai ne suka dame su. Idan mai bindiga ya zo karɓa alhali tana hannun haya, sai in ce masa ba ta gyaru ba tukuna. Har na kai ina cire abu daga ta wani in sa wa ta wani, in ce wa mai ita ta mutu, babu gyara. Ni da ban taɓa ɗaukar allurar kowa ba, ga ni ina yi wa dattawa ƙarya ido cikin ido, kuma in tashi in bi jam'i.

Wata rana Dogo ya kawo wata gajeruwa da ba ƙirar gida ba, ya ce in duba masa tana cijewa. Ko yaro ya san ba a korar biri da irinta. Na ce, "Dogo, wannan fa?" Ya yi murmushi ya ce, "Mai walda, kai kamar likita ne. Ka taɓa ganin likita ya tambayi majinyaci sana'arsa kafin ya ba shi magani?" Maganar ta yi min kama da gaskiya, zuciyata kuma tana ce min ba gaskiya ba ce. Na gyara masa.

Hadiza ta lura cefane ya canza. Ta ce, "Baban Ummi, ƙofofin nan ne suke kawo wannan?" Na ce mata kwangila na samu. Ta dube ni ta ce, "Allah Ya sa alheri."

Shekarar da abin ya faru, ciwon gwiwa ya kwantar da Baba Iro, ya aiko ɗansa da bindigar in shafa mata mai in ajiye masa. Dogo ya gan ta ya ce ita yake so, don ya ji ba ta ƙin tashi. Na ce wannan kam a'a, ta abokin mahaifina ce. Ya ƙara abin da yake bayarwa. Har yau in aka tambaye ni me na tuna a lokacin, ban sani ba. Na shiga ɗaki na ɗauko masa.

Ranar kasuwa ce, bayan la'asar, ina walda wani direba ya shigo tasha da labari. An tare hanya tsakanin Karaye da Rogo, an harbi wani saurayi mai babur ɗan Jajaye, Nura, yana ɗauke da buhun gyaɗa. Manoma da ke kusa suka yi kururuwa suka bi ɓarayin, suka tsere cikin gonar rake, ɗaya ya yar da bindigarsa. Direban ya ce, "Mai jar fata ce da laya. Maharba sun ce ta Baba Iro ce." Na kashe inji na zauna. Washegari na ji an je Kurugu an ɗauki tsohon a gaban jikokinsa, sai da aka tallabe shi ya shiga mota.

Ƙannena, a nan ya kamata in tafi ofishin 'yan sanda da ƙafata. Ban je ba. Na kwashe sauran bindigogin na tura ƙarƙashin kara a bayan gida, na ci gaba da buɗe rumfa. Ina ce wa kaina ai ba ni na harba ba, ban ma san inda za su ba. In na ɗaga abinci kuma sai in ga tsohon a tsugune a bayan kanta. Kwanaki suna wucewa ba wanda ya zo nemana, na kasa gane dalili. Ashe Baba Iro ne ya ƙi ambaton sunana. Ɗansa ne da ya gaji ya gaya wa 'yan sanda inda ya kai bindigar da hannunsa.

Suka zo da hantsi, suka bincike gidan, suka fito da komai. Hadiza tana tsaye da goyo tana kallon abin da ake zarowa daga cikin karan da take girki da shi.

A ɗaki ɗaya aka haɗa ni da Baba Iro. Ya rame, gwiwar ta kumbura. Na durƙusa a gabansa. Shi ya fara magana. Ya ce, "Ce musu na yi ɓata ta yi. Ban so in kai ɗan abokina ba." Sannan ya ce, "Da ka ba su, ka dai gaya musu ba a nuna wa mutum bakinta?" Ba da gatse ya faɗa ba, da gaske yake tambaya. Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Lauyan da aka ba ni shi ne mutum na farko da ya zaunar da ni ya gaya min doka. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ni ban taɓa harba bindiga ba a rayuwata." Ya ce ba wanda ya ce na harba. Ajiye bindiga ba lasisi laifi ne. Gyara ta ba izinin hukuma laifi ne daban. Miƙa ta ga wanda ba shi da lasisi wani laifin ne, kuma tunda an yi fashi da ita, kotu za ta duba ko da hannuna a ciki. Na ce to katin maharba fa? Ya ce kati shaidar ƙungiya ne kawai, lasisi daga hannun 'yan sanda yake fitowa, ko da harba-ruga ce ta gado. Na ce to duk waɗanda suke yawo da ita a gari fa? Ya ce, "Malam, ba su ne a gaban alƙali ba, kai ne."

An wanke Baba Iro daga fashi bayan na faɗi gaskiya, amma an ci shi tara saboda rashin lasisi, bindigar kakansa kuma hukuma ta riƙe. Dogo ba a same shi ba. Aka je Fulatan, babu wanda ya san shi, babu gona, babu masara. Ni aka yanke min shekaru.

A gidan yari na daɗe kaina a ɗaure. Wata rana in ji an zalunce ni, tunda wanda ya ja kunamar bindigar yana can yana yawo. Wata rana in ji hukuncin ma ya yi min kaɗan, musamman da Hadiza ta zo ziyara ta gaya min an yanke wa Nura hannun dama. Na rasa me zan kira kaina. Ni ba ɗan fashi ba, ni kuma ba mai gaskiya ba. Wani malami da yake zuwa yi mana wa'azi na kai wa wannan. Ya ce in daina neman suna, in nemi tuba. Ya ce tsakanina da Allah nadama ta isa, amma haƙƙin mutane sai na je gare su.

Da aka sake ni, Kurugu na fara zuwa. Na sami Baba Iro a zaure, ya daina fita ko masallacin Juma'a sai an kai shi. Ya ce, "Ni na yafe maka tun muna ciki. Amma ba ni na rasa hannu ba. Ka je Jajaye."

Na je. Na sami Nura a gindin wata bishiya yana sayar da man fetur a kwalabe, yana zubawa da hagu, ya danne mazurari da gwiwa. Bai san ni ba. Na gaishe shi na gaya masa ko ni wane ne. Ya dube ni. Ya ce, "Kai ka harbe ni?" Na ce a'a. Ya ce, "To me ka zo nema?" Na ce gafara. Ya ce, "Wallahi ban san me zan ce maka ba. Ni wanda nake jin haushi fuskarsa a rufe take. Kai kuma ban san inda zan ajiye ka ba. Ka dawo wani lokaci." Na koma, na sake komawa. Yana amsa gaisuwata, wani lokaci har ya matsa min in zauna. Kalmar dai bai faɗe ta ba har yanzu, kuma ba ni da bakin matsa masa.

Yanzu na koma walda a rumfar wani, a matsayin ɗan aiki. Ƙofa da taga kawai nake taɓawa.

Ƙannena, na san yadda zamanin nan yake. Tsoro ya yi yawa, kowa yana ganin in ya ajiye wani abu a ɗaki zai fi samun barci. Ni ban iya warware muku wannan ba, don ni ma har yau akwai abin da ban gane ba. Abin da na sani shi ne wanda na biya da shekaruna. Kada ka ɗauki dokar bindiga daga bakin 'yan majalisar shayi. In kana da ta gado ko ta farauta, ka je wurin hukuma da ƙafarka ka tambaya, in sun ce ba dama ka haƙura. Kada ka ajiye wa kowa, ko ɗan uwanka ne. Kada ka gyara, kada ka ara, kada ka kai saƙonta. In an ba ka amanar abu, ka mayar wa mai shi yadda ya ba ka. Kuma duk ranar da ka ji kana gudun yin wata tambaya don kada amsar ta hana ka samu, ka tsaya a nan, kada ka ƙara taku ɗaya.

Allah Ya shirye mu, Ya ba Nura haƙuri. In kun yi salla ku sa ni a addu'a, ko Allah Ya sa wata rana ya ce ya yafe.