Muryar Inna a Kaset

Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Dako nake yi a kamfanin gurzar auduga a Funtuwa lokacin da rakoda ta fara yawa a gari. Na sayi tsohuwa a wajen wani Ibo mai gyaran rediyo, haifaffen garin, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Shi ya koya mini aikinta: jan madanni da na kusa da shi, a danna su tare, sai ta ɗauki magana.

A rumfar da muke cin abincin rana kowa da ra'ayinsa. Wani tsoho mai awon auduga ya ce duk abin da ke kwashe maganar mutum ya kai gaba, munafuki ne ko da na ƙarfe ne. Wani direba ya ce, "Baba, kai dai tsoro kake a ɗauki minsharinka." Ni abin da na gani, na huta da mai rubuta wasiƙa, wanda za ka faɗa wa magana uku ya rubuta goma.

Lokacin kaka, mahaifiyarmu Inna ta kwanta ciwo a ƙauyenmu, bayan Dayi. Yayana, ɗanta na fari, yana Fatakwal yana gadi, shekara huɗu bai zo ba. Da na ga jikinta na san in yana son ya same ta, to ya taso yanzu. Akwai motar shanu da za ta tafi kudu jibi. Batiran rakodar sun yi sanyi, sai na shanya su a rana kamar yadda kowa ke yi, na mayar.

Inna ba ta taɓa faɗin sunan yayana ba. Kunyar ɗan fari. "Wancan" take ce masa, in ya shigo ɗaki ta sami abin yi a waje.

Na ajiye rakodar a bakin tabarmarta, na danna.

"Inna, yi magana. Zai ji ki."

"Yana ciki ne?"

"Muryarki ce za ta je masa."

"To ai kamar yana zaune nan ke nan." Ta ja mayafi, ta juya ga bango.

"Ki ce ya zo."

"Ni zan kira shi? Ka taɓa ji? Rashin kunyar birni ka kawo mini a akwati."

Can ta yarda, amma da ni ta yi magana. Ta ce in gaya wa wancan an yi dawa bana, akuyarsa ta haifi biyu, katangar baya ta faɗi. Na tambaye ta jiki, ta ce da sauƙi. Ni ma a gabanta ba zan ce ta kusa ba. Na ce Inna na gaisuwa, na kashe. Ban damu ba, don muryar kaɗai ta isa saƙo. Da ƙyar take fita, tana hutawa tsakanin kalma da kalma. Duk wanda ya ji zai nemi mota. Na ba direban motar shanun kaset ɗin.

Bayan mako uku amsa ta zo a wani kaset. Yayana na dariya, muryarsa ta fito da kauri. "Ƙane, na ji tsohuwa garau, magana ratata kamar mai talla. Kai ma muryarka ta koma ta gyare. A gyara katangar, ina nan tafe bayan babbar Sallah." Inna ta saurara, fuskarta a bango. Da ya ƙare ta ce, "Ya yi ƙiba."

Na je wajen mai gyara na ba shi labari. Ya ce batir mai sanyi a hankali yake jan zaren kaset, in aka kunna da sabon batir sai maganar ta ruga da gudu, muryar ta yi sama.

"Me ya hana ka sa sababbi?"

"Na shanya su."

Ya dube ni, ya ci gaba da aikinsa.

Ranar na tare direban shanun, na ce ya faɗa wa yayana da baki, ba kwana-kwana: uwarsa na mutuwa. Hanyar doguwa ce. Yayana ya iso kwana biyu bayan an rufe ta.

Bai yi mini faɗa ba. Da masu gaisuwa suka ragu, ya ciro kaset ɗin daga aljihu ya miƙo mini. Na sa a rakodata, batiran nan ne dai a ciki, na sake shanya su. Muryar ta fito yadda ta shiga, a hankali, da hutu tsakanin kalmomi. Ya saurara har wajen akuya, sannan ya ce in kashe. Ya tambayi wanda zai nuna masa kabarin. Na tashi na sa takalmi.