Takalman Ƙofar Zauren Malam Sabo

Malam Sabo mutumin Zandam ne, can ƙasar Gwaram. Iyayensa masu shanu ne, amma shi bai gaji ko ɗan maraƙi ba, ciwo ya ƙarar da garken tun yana saurayi. Sai ya tattara ya dawo Birnin Kudu, ya zauna gindin wata darbejiya a bakin kasuwa yana gyaran takalma. A garin ya yi aure, a nan ya gina gida mai babban zaure, a nan gemunsa ya yi fari. Da ido ya fara gazawa, ya kulle basilla da zare cikin akwati, ya tura ƙarƙashin gado. Matarsa Mairama ta rasu, 'ya'ya sun watsu neman abinci. Zauren sai kaji ke shiga.

Wata rana Munzali ɗan acaɓa ya zo ya durƙusa a gabansa. Duk unguwa an san Munzali ya daɗe yana shan ƙwaya da maganin tari, an kuma san ya bari.

"Baba, aron zaurenka muke roƙo," in ji shi. "Ba mu da yawa. Duk mun sha, duk muna son bari. Ran Alhamis bayan la'asar muke haɗuwa, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce. To bayan tasha muke zama, kuma nan masu sayarwa suke gilmawa."

"Wa ke muku wa'azi?"

"Babu kowa, mu ne da kanmu. Kuma don Allah kada ka ji haushi, ko kai ba za ka shiga ba."

"Zaurena, a hana ni shiga?" Malam Sabo ya yi 'yar dariya, ya daɗe yana sosa gemu. "To. Akwai tabarma, akwai randa. In kun tashi ku share."

Haka aka fara. Shi yakan buɗe musu ƙofa ya koma cikin gida. Bai taɓa tambayar wane ne ya zo ba.

Abin da ba wanda ya tuna da shi, takalmi. Mutum ba ya taka tabarmar wani da takalmi, don haka kowa sai ya tuɓe a bakin ƙofa. Tsallaken hanya kuwa akwai majalisar Maikano, tsohon ɗan kamasho wanda aiki ya ƙare masa amma baki bai ƙare ba. Daga kan benci suke zaune suna faɗin mai kowane takalmi.

Cikin masu zuwa akwai Yunusa tela. Shi ba wanda ya san yana sha. Ɗinkin sallah ne ya koya masa, don kada barci ya ɗauke shi a kan keke. Yakan sulale ya shiga da wuri kafin majalisa ta cika. Sai dai takalminsa ja ne mai igiya, tsarabar Makka da surukinsa ya kawo masa, babu irinsa a unguwar. Wata Alhamis Maikano ya tsallako, ya ɗaga shi da kan sandarsa.

"Kai jama'a, ku zo ku gani! Takalmin Makka a taron 'yan ƙwaya!"

Kafin magariba magana ta kai gidan surukai. Washegari aka zo aka tafi da matarsa Hapsatu. Yunusa bai sake zuwa zauren ba, aka fara ganinsa bayan tasha. Sauran ma suka ja baya ɗaya bayan ɗaya, har wata Alhamis Munzali ya zauna shi kaɗai, ya share tabarmar da ba wanda ya taka.

"Baba, mun gode," ya ce. "Amma abin ya mutu. Ba mai yarda ya ajiye takalminsa a nan kuma."

Malam Sabo ya tashi. Ya shiga ɗaki ya jawo akwatin nan. Bayan ƙofa akwai wani buhu na tsofaffin takalman da aka kawo gyara shekara da shekaru ba a dawo karɓa ba, shi ma ya jawo shi. Da safe aka gan shi zaune a bakin zaure kan buzu, takalma a zube kewaye da shi, yana laluben hancin basilla da zare.

Maikano ya ƙwala masa kira daga tsallake. "Sabo! Da wane idon za ka yi ɗinki? Ko yatsanka za ka haɗa da takalmin?"

"Kawo naka mu gwada."

Kullum yake fitowa, ba Alhamis kaɗai ba. Manoman Wurno da Surko da suka san hannunsa suka dawo masa, mata suna aiko da silifas, malaman makaranta suna tsayawa. Wanda rana ta dama sai ya ce masa, "Shiga zaure ka jira." Ran Alhamis kuwa, in la'asar ta yi, wanda gyara na gaskiya ya kawo shi sai ya nuna masa benci a waje. Wanda ya zo taro ya tuɓe, ya miƙa masa, ya shige. Takalminsa ya faɗa cikin tulin na gyara. Kuma kowanne sai Malam Sabo ya sa masa ɗinki ko ɗaya ne, don kada wani ya tambaye shi ya yi ƙarya.

Maikano ya gwada sau ɗaya. Ya kawo wani tsohon kambas ran Alhamis, ya nufi zaure.

"Ina za ka? Zauna nan kusa da ni, Alhaji, naka ba ya jira," in ji Malam Sabo. Nan take ya ɗinke ya miƙa masa. Maikano ya koma benci yana ƙunƙuni, wai ɗinkin ma a karkace yake.

Taron ya farfaɗo a hankali. Wasu sun bari, wasu sun koma, wasu suna zuwa suna ɓacewa. Malam Sabo bai san abin da ake faɗa a ciki ba, kuma bai tambaya ba.

Sai da damina ta wuce aka yi girbi, sannan wata Alhamis Yunusa ya ɓullo ta lungu. Ya rame. Hapsatu ba ta dawo ba tukuna. Ya tsaya nesa kaɗan yana duban majalisa, majalisa tana dubansa. Sannan ya sunkuya ya tuɓe jan takalmin, ya ƙaraso da shi a hannu.

"Baba, igiyar ce ta tsinke."

Malam Sabo ya shafa igiyar da yatsa daga farko har ƙarshe. Lafiyarta ƙalau.

"Zai ɗan ɗau lokaci," ya ce. "Shiga zaure ka jira."

Yunusa ya shiga. Tsohon ya lalubo jan zare a akwati, ya fara ɗinki.