Irin dawa a cikin jiƙaƙƙen buhu

Darasin ulum, wato kimiyya, nake koyarwa a makarantar 'yan mata ta ƙauyenmu, kusa da Managil. Abin da nake nema wurin ɗalibaina shi ne su iya gwada abu da hannunsu kafin su yarda da shi. Su kuwa hadda suka fi so. Sai su rera mini shafi guda da Larabci, in na ce a faɗa mini da Hausa, aji ya yi tsit.

Da yaƙi ya iso yankinmu na Jazira aka rufe makaranta, muka watse. Bayan mun dawo na tarar babu ko kujera a ajin. Na ɗauka duk abin da na koyar ya bi iska.

Gab da shuka, wata ɗalibata ta yi sallama a gidanmu. Ta yi tsawo har na kusa kasa gane ta.

"Ustaza, Baba na roƙon ki zo ki duba mana wani abu."

Mahaifinta yana da hawasha, gonar da ake ba ruwa daga tur'a, wato magudanar ban-ruwa. Kafin su gudu ya binne irin dawarsa a rami, yanzu kuma yana tsoron ya mutu. In ya shuka bai fito ba, shekara ta tafi.

Na iske shi tsugune gaban wani jiƙaƙƙen buhu a inuwar rumfa. Yarinyar ta ce ta ɗebi ƙwayoyi daga sama, da tsakiya, da ƙasan ramin, ta jera su daban-daban a cikin buhun don ta ga ko za su tsira, tana yayyafa musu ruwa kullum. Ban taɓa koya wa ɗalibaina raba iri haka ba. Ita ta yi tunaninsa.

"Ban bari an buɗe ba sai kin zo," in ji uban.

Yarinyar ta ɗaga buhun. Na sama da na tsakiya sun fito da fararen saiwoyi, kusan dukkansu. Na ƙasa sun yi baƙi, suna wari.

"To, me kika gani?" na tambaye ta.

"Laima ta ci na ƙasa. Sauran na da rai."

Uban ya sauke numfashi, ya yi hamdala, ya miƙe neman wanda zai taya shi kwashe ramin. Ni kuwa na zauna bisa tabarma. Uwar ta kawo shayi da na'ana'a, na shanye, na nemi ƙari.