Katin Ragin Ƙawata Ya Kai Ni Wankin Ƙoda

Assalamu alaikum Edita. Ina da shekara arba'in da tara lokacin da abin ya same ni. 'Yar kasuwa ce ni daga Kano, jakunkunan mata nake sarowa. Maigidana ya rasu, yara huɗu da mahaifiyata duk ni ce gatansu. Sau biyu a shekara nake zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin, in sauka a wani otal a titin Liuhua Lu, kullum in shiga mota zuwa Shiling inda masana'antun jaka suke. Mace ce ni mai tsimi, har alfahari nake da hakan.

Likitana na gida ya daɗe da ɗora ni a kan maganin rage kitsen jini, wato kwalestarol, ya kuma gargaɗe ni cewa ƙodata ba ta da ƙarfi, kada in sha komai sai da saninsa. A wannan tafiyar kayana suka makara, mako uku ya zama wata biyu, maganin ya ƙare. Na je kemis, suka ce sai da takardar likitan ƙasar. Ganin likita kuɗi, tafinta kuɗi, ga maganin da tsada. Na fito ina ƙunƙuni.

Ran Juma'a muna fitowa daga Masallacin Huaisheng na yi wa wata ƙawata 'yar Maraɗi ƙorafi, wadda ɗakinta ke kallon nawa a otal. Ta ce ita ma ciwon ke gare ta, kuma tana da katin ragi na wani kemis, an haɗa shi da takardar likitanta, ana rage mata kuɗi sosai. Ta ce in zo ta raka ni asibiti in samu tawa takardar, a yi mini nawa katin. Ni ce na ƙi. Na ce ai ciwo ɗaya ne magani ɗaya, ta karɓo mini da nata kawai. Ta yi ta jan ƙafa, na yi ta naci har ta ji nauyina. Kwalin duk rubutun Sinanci ne, ban nuna wa kowa ba. Ashe nata ya fi nawa ƙarfi nesa ba kusa ba.

Bayan mako biyu cinyoyina suka fara ciwo kamar an yi mini duka da taɓarya. Na ce yawon kasuwa ne. Sai fitsarina ya koma kalar baƙin shayi, ya kuma ragu. Duk da haka ban daina sha ba, har na ƙara da maganin ciwon jiki. Wata safiya a masana'anta ina duba zif ɗin jaka, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Laoban, wato mai wurin, shi ya kai ni asibiti a motarsa.

Ta waya ake fassara mini maganar likita. Ya ce maganin ya narkar da tsokar jikina, dattin ya toshe ƙoda, sai an yi mini wanki. Ina kwance da bututu a wuya, bizata saura kwana tara, ba na jin yaren kowa. Tunanina ɗaya: in na mutu a nan, wa zai yi mini wanka, a ina za a binne ni, wa zai gaya wa mahaifiyata. Babbar 'yata ta kira, na ce mata mura ce. Ina kashe wayar na fashe da kuka.

Ƙawata ta fasa jirginta ta zauna jinyata. Da aka gano da katinta aka karɓo mini maganin, kemis ya soke shi, tana cikin fargabar hukuma za ta neme ta, amma ita ce kullum ke roƙona gafara. Ran da na samu bakin magana sosai na sa aka kira likitan, na faɗa masa ni na tilasta mata. 'Yan'uwa 'yan kasuwa suka yi ta zirga-zirga har aka ƙara mini biza.

Allah Ya tashi kafaɗata, amma ƙodar ba ta dawo yadda take ba. An hana ni doguwar tafiya, yanzu saƙo nake bayarwa a saro mini, kuma duk wata sai na je gwajin jini.

Katin ragi ba shi da laifi, ƙawata ta daɗe tana amfana da nata lafiya lau. Laifina ne da na hau takardar da ba tawa ba. 'Yan'uwana matafiya, ku tafi da isasshen magani da takardar likitanku. In ya ƙare ku ga likita, ku nemi kati da sunanku. Abin da aka auna da jikin wani, kada ku zuba a naku. Na yi tsimin kuɗin ganin likita na yini ɗaya, yanzu ni da likita sai mutuwa ta raba.