Takalmin da na ɗinka wa mai tsaron gida

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, amma ba zan taɓa manta ranar da na ji sunan ɗan kawuna yana zubewa ta bakin rediyo ba. Shekaru kaɗan ne bayan samun ƴancin kai, lokacin da gyaɗa ke tashe a Tasawa. Ni kuwa ina matashin baduku mai ji da kansa fiye da kima.

Ɗan kawun nan nawa shi ne mai tsaron gidan ƴan ƙwallon garinmu. Ba takalmi yake wasa cikin rairayi, kuma ƙwallo ba ta wuce shi, har mutane suka riƙa ce masa katanga. Da aka ɗauke shi cikin ƴan wasan ƙasa zuwa wata babbar gasa a bakin teku, sai gari ya ɗauka kamar ana biki. Matsala ɗaya ce: can ba a shiga fili ba takalmi, wanda aka ba shi kuma ya matse shi, don ƙafarsa faɗi gare ta kamar faifai.

Na ce masa, "Kai taubashi, wa zai iya da wannan ƙahwa taka ta raƙumi in ba ni ba?"

Kwana uku ina kan aikin. Na zaɓi fatar jar akuya, na yi ƙasan takalmin sumul irin na masu tafiya cikin rairayi, na shafe shi da man gyaɗa ciki da waje don ya yi laushi, yadda aka koya mini. Na ga ƙusoshi a ƙarƙashin wancan takalmin da aka ba shi, na yi dariya, na ce ƙyale-ƙyalen Nasara ne kawai. Ban taɓa ganin filin ciyawa ba, balle jiƙaƙƙe.

Ranar wasa bayan azahar muka taru wurin sikelin gyaɗa, muka kewaye rediyo. Da Faransanci ake bayani, wani malamin lakwal, wato makarantar boko, yana fassara mana. Ya ce an sha ruwan sama can tun safe. Ba a jima ba ya dafe kai.

"Ya zame! Ya hwaɗi! Balo ta shiga raga!"

Kafin mu farfaɗo, ya sake zamewa. Na daina ƙirgawa. Wani tsoho ya tofar da goro ya ce, "Ashe katangar ta kara ce." Wani ya ce tsoron taro ne ya kama shi. Amma duk cikin taron ni kaɗai na san abin da ke kayar da shi.

Da ya dawo ba wanda ya tarye shi a tasha. Ya zo rumfata ya ajiye takalmin gabana.

"Ga kayanka. Ɗinki bai kwance ba ko ɗaya."

Na ce, "Ka hwaɗa musu?"

"In hwaɗa musu mi? Kai da allurar ga kake ci. In sunka ji, wa zai sake kawo maka aiki?"

Kunya ta hana ni faɗin wannan shekara da shekaru, amma gaskiya daɗi na ji a lokacin. Ba a sake kiran sa wasa ba. Ba'a ta ishe shi, ya tattara ya koma Issawane wurin dangin uwarsa yana kiwo, ni kuwa rumfata ta ci gaba da cika.

Sai ranar zaman makokinsa na buɗe baki na faɗi komai. Tsofaffi suka ce "Allah sarki," matasa suka tambayi wace gasa ce ma. Ranar na gane cewa in laifinka ya hau kan wani, ka faɗa tun yana da kunnen da zai ji an wanke shi. Ni na faɗa, amma bayan an rufe shi da ƙasa.